Layin da Mika'ilu Ya Tsallake

Akwai wani akawu a Birnin Zariya, wajejen shekarar 1952, ana ce masa Malam Mika'ilu. Ɗan unguwar Kusfa ne gaba da baya, yana kuma cikin 'yan tsirarun da suka iya Turanci a unguwar. Wani kamfanin gurzar auduga da ke bayan ganuwa yake yi wa aiki. Shi ne mai rubutu, shi ne kuma tafinta tsakanin Baturen manaja da leburori.

Ku gyara zama, jama'a. Ni kaina duk sanda na tuna labarin nan sai jikina ya yi sanyi.

Mika'ilu yana da maƙwabci, Ya'u, mutumin ƙauye ne da neman abinci ya kawo shi birni da matarsa Kulu da 'ya'ya uku. Mika'ilu ne ma ya sama masa aikin lebura a kamfanin. Masallacinsu ɗaya, zauren cin tuwonsu ɗaya. Ya'u bai san ko bihim a boko ba, don haka duk abin da Malam ya ce takarda ta ce, to a wurinsa magana ta ƙare.

Wata Talata da hantsi, ana tsakiyar kakar auduga, bel ɗin inji ya fizgi hannun rigar Ya'u. Kafin a kashe injin, hannunsa na dama ya rabu da jikinsa daga wuyan hannu.

Aka kwashe shi zuwa asibiti. Mika'ilu ne ya yi ƙarfin hali ya ɗauki hannun, ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya kai maƙabarta ta wajen Ƙofar Galadima ya binne, don ba a yar da gaɓar ɗan Adam kamar shara. Da zai rufe ƙyallen ya lura babban yatsan yana nan da shuɗin tawada, na dangwalen albashin da aka yi jiya. Ya yi kuka a wurin, kuka na gaskiya.

Ku riƙe wannan. Mutumin nan ba mugu ba ne tun asali.

Bayan mako biyu manaja ya kira shi ofis, ya ce hanya biyu ce. Ko dai kamfani ya ci gaba da ba Ya'u rabin albashi da magani har ciwon ya warke, likita ya auna asarar, sannan a yanke diyya. Ko kuma a ba shi fam talatin a dunƙule yanzu-yanzu, ya dangwala a takarda, a rufe magana. Manajan dunƙulen yake so, don shi ne mai araha.

Ya tura wa Mika'ilu takardar, ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe. Layin ya ce daga ranar da aka dangwala, babu sauran haƙƙi a kan kamfani, ba albashi, ba magani, ko da ciwon ya tashi daga baya. Sannan manajan ya ce, kamar ba da wata manufa ba, kujerar babban akawu ba kowa a kanta, akwai kuma sabon keke da ke tare da ita.

Mika'ilu ya yi ta lallashin zuciyarsa a hanya. Ai fam talatin ba wasa ba ne. Ai ciwon ma ya kama hanyar warkewa. Ai ba ƙarya zai yi ba, zai dai taƙaita karatu ne.

Bayan la'asar ya tarar da Ya'u kwance kan tabarma a zaure, dungun hannun naɗe da bandeji, maƙwabta biyu na gefe. Ya zauna ya fassara takardar tiryan-tiryan. Da ya ambaci fam talatin, wurin ya ɗauki kabbara, don ba wanda ya taɓa riƙe ko fam biyar nasa na kansa a cikinsu. Da ya iso layin ƙarshe, sai ya ninke takardar.

Ya'u ya dube shi ya ce, "Malam, iyakar abin da ke ciki ke nan?"

"Iyakarsa ke nan."

"To alhamdu lillahi. Tunda kai ka karanta, ba ni da haufi."

Hannun hagun Ya'u bai saba da dangwale ba. Mika'ilu ya kama babban yatsan cikin tafinsa, ya ji shi da sanyi ƙalau kamar randar asuba, saboda jinin da ya zuba. Shi ya dangwala shi a tawada, shi ya danna shi a takarda. Ya bar wa Ya'u kwafe ɗaya, ya ce a adana.

Ya'u bai yi almubazzaranci ba, kada wani ya zarge shi. Jaki ya saya da 'yan buhunan dawa, da nufin fara awo a kasuwa. Ya gyara rufin ɗaki, ya aika wa tsohuwarsa a ƙauye. Ranar da Mika'ilu ya shigo unguwa a kan sabon keke, Ya'u ne ya fara tasowa yi masa barka, yana shafa sirdin da hannunsa ɗaya, yana cewa Allah ya sa a kashe lafiya.

Da damina ta sauka sai ciwon ya tashi. Dungun ya kumbura, ya fara wari, baƙi yana hawa zuwa gwiwar hannu. Ya'u ya ɗauki takardarsa ya ja jiki zuwa kamfani don ganin likitansu. Maigadi ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce an cire sunansa.

Mika'ilu yana kallo ta tagar ofis. Wallahi yana kallo. Ya sunkuyar da kai cikin littafi har sai da Ya'u ya juya.

Ko da aka sayar da jakin aka kai Ya'u babban asibiti, likita ya ce ciwon ya shiga jini, a mayar da shi gida. Kwana goma sha ɗaya Ya'u ya yi a kwance. Gida huɗu ne tsakaninsu, amma Mika'ilu ya koma zagayawa ta wani lungu, ya sauya masallaci. Kullum yana ce wa kansa gobe zai je. Sai a jana'iza aka gan shi.

Daga ranar abin ya fara.

Yana zaune a ofis da tsakar rana, zufa na keto masa, sai ya ji sanyi a tsakiyar tafin hannunsa na dama, daidai girman babban yatsa. Ya goge a riga, yana nan. Ya kara a jikin butar shayi, yana nan. In ya zauna tahiya yana jin sa. In ya miƙa hannu za a gaisa, sai ya ga kamar mutumin zai ji.

Ranar albashi ta fi kowace rana muni. Leburori su yi layi, kowa ya dangwala ya wuce da shuɗin yatsa, shi kuwa a kowane yatsa wancan na cikin farin ƙyalle yake gani. Ya sha rubutu, ya yi turare, an tofa masa. Kowane malami ya tambaye shi ko akwai haƙƙin wani a kansa, sai ya ce shi dai bai sani ba.

Da Kulu ta fita takaba, ta aika a kira shi. Ya tsaya a zaure, ita tana bayan asabari. Ta turo takardar ta ƙasa, an naɗe ta cikin tsumma mai tsabta, ta roƙe shi ya sake dubawa da kyau, har ƙasa, ko akwai abin da ya rage bai faɗa ba.

Ga dama ta zo har gida. Amma ina! Mika'ilu ya kalli layin nan, ya kalli shuɗin dangwalen da ke ƙarƙashinsa. Sai ya ji kansa yana cewa e, akwai, kamfani zai riƙa ba marayu sule goma sha biyar duk wata.

Kulu ta janye takardar, ta mayar da ita cikin tsumma. Can ta ce, "To."

Haka ya ɗora wa kansa. Duk ƙarshen wata ya cire daga albashinsa, ya sa a ambulan mai tambarin kamfani, ya kai zauren. Shekara shida bai taɓa fashi ba. Yaran suka ci suka girma. Mutanen unguwa na ta yabon kamfani mai tausayi. Shi kuwa ya rame, ya daina zaman hira, keken ma ya jingine shi har ya yi tsatsa. Sanyin tafin bai ragu ba ko kaɗan.

A 1958 Allah ya ba shi ikon zuwa Makka. Kun san yadda ake yi, maniyyaci yakan bi gida-gida yana sallama yana neman gafara, don bai san ko zai dawo ba. Mika'ilu ya zaga dangi, ya zaga maƙwabta, har wanda suka taɓa sa-in-sa a kan magudanar ruwa. Kowa ya ce ya yafe. Saura gida ɗaya.

Sau uku yana zuwa ƙofar yana komawa. Ana jibi tafiya, da hantsi, ya yi sallama ya durƙusa a zauren, daidai inda tabarmar Ya'u take a da.

Ya ce, "Kulu, ban zo da ambulan ba yau. Na zo da magana. Takardar nan akwai layin da na tsallake. Na san abin da ya ce, na ɓoye don a ba ni kujera. Da na karanta, da bai dangwala ba, da likita bai daina ganinsa ba. Kuɗin da nake kawowa ma ba na kamfani ba ne."

Ya jira ihu, ya jira tsinuwa. Sai ya ji muryarta a sanyaye daga bayan asabari.

"Na sani, Malam."

Ta ce ranar da maigadi ya kori maigidanta, bai dawo gida kai tsaye ba. Wurin mai rubuta wasiƙa ya biya, a gindin bishiya gaban gidan waya, ya biya kwabo biyu aka karanta masa takardar tun daga sama har ƙasa. Ya dawo ya faɗa mata, ya kuma sa ta yi alkawarin ba za ta tona wa kowa ba, don Malam ne ya sama masa aiki, Malam ne ya binne masa hannu.

Ta ce, "Da na turo maka takardar bayan takaba, dama ce na ba ka. Da ka kawo kuɗi na karɓa, don marayu na da haƙƙi, kai ma na ga kana bukatar bayarwa. Amma akwai ajiyarka a wurina, ta yi min nauyi. Marigayi ya ce, ranar da Malam ya zo ya faɗa da bakinsa, ki ce masa na yafe duniya da lahira. In bai faɗa ba, ki riƙe. To yau na sauke. Ya yafe maka."

Mika'ilu ya kifa kai a ƙasa yana kuka kamar ransa zai fita. Da ya ɗago ya buɗe tafinsa, sai ya ji ɗumi, karo na farko cikin shekara shida.

Ya tashi zai fita, har ya sa ƙafa a dokin ƙofa, Kulu ta ƙara magana ɗaya.

"Kwana goma sha ɗayan nan, a zauren nan ya ce a kwantar da shi, kada a rufe ƙofa. Duk ƙararrawar keke da ya ji sai ya ɗago kai ya ce ga Malam nan. Da ka shigo, da daga bakinsa ka ji."

Darasi: In an ba ka amanar karanta wa wani abin da bai iya karantawa ba, karanta masa har layin ƙarshe, don rayuwarsa na iya rataya a kan abin da ka tsallake. Kai kuma da aka miƙo wa diyya a dunƙule, kada yawan kuɗin ya ruɗe ka, ka sa a karanta maka komai kafin ka sa hannu. In kuwa ka cuci wani, kyauta a ɓoye ba ta maye gurbin faɗin gaskiya. Je ka same shi yau, tun yana da bakin da zai ce maka ya yafe. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ake jira a wani zaure bai sani ba.