Hannun Rigar Mai Kwalabe

Akwai wani tsoho mai wanki da guga da ke zaune a bakin wani rafi. Baba Guga ake ce masa. Shekara talatin da biyu shi da matarsa suna aiki tare. Shi ke saɓawa ya buga, ita ke ɗauraya. Duwatsu biyu ne a bakin ruwan, nasa da nata.

Sai aka gina masana'antar rini a saman rafin. Ba a yi shekara ba hannuwan matar suka fara tsagewa, suna ƙaiƙayi, suna fitar da ruwa. Likita ya ce ta daina taɓa ruwan. Amma ita ba ta iya ganin kaya a jiƙe ta kau da kai. Ranar da 'yarsu ta zo ta ga yatsun uwar a naɗe da tsumma, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, zan tafi da ita. Ba za ta dawo ba sai ruwan nan ya gyaru."

Shi ya ɗaukar musu jaka har bakin mota.

Daga ranar dutsen nata ya zama kufai. Ko kwando ba ya ajiyewa a kai. Idan ya matse babban zanin gado, sai ya miƙa ɗaya bakin gefe, ya tuna babu mai kamawa.

Duk Juma'a matar takan kira shi a wayar 'yar.

"Malam, kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci."

"Ƙarya kake. Daga muryarka na ji ka rame. Nan fa ruwan famfo ne, ko sauti ba ya yi. Yaya rafin?"

"Yana nan."

Hukumar kula da muhalli ta yankin tana da wani saurayi ma'aikaci mai zuwa ɗibar ruwa don gwaji. Mutane suka sa masa Mai Kwalabe. Duk Litinin zai zo da farar riga, da safar hannu, da akwatin ƙanƙara. Ya cika kwalabe uku, ya liƙa musu takarda, ya tafi. Kullum sakamako ɗaya ne: ruwa lafiya lau.

Baba Guga bai yi nisa a karatu ba, amma ya san farin yadi. Ya sayo yadi, ya yanka ƙanana. Kullum zai tsoma guda a rafi, ya shanya, ya ɗaura a igiya cikin ɗakin guga, bakwai bakwai. Shida kan fito fari. Na Asabar kullum sai ya fito a dafe kamar an zuba masa shayi. Masana'antar ta san ranar hukuma. Asabar take sakin dattinta, kafin Litinin ruwa ya tafi da shi.

Ya gaya wa Mai Kwalabe sau ɗaya. Ya sake gaya masa. Saurayin ya yi dariya.

"Baba, injin da ke auna ruwan nan ya fi gidanka tsada. Tsumma ne zai ƙaryata shi?"

Yana faɗa yana tsaye a kan dutsen matar.

"Sauka daga dutsen nan," in ji tsohon. "Akwai mai shi."

Haka aka tafi shekara biyu. Igiya ta cika, ya ƙara wata.

Wata Litinin ya dubi rigar saurayin, ya ce, "Ɗana, wuyan rigarka ya yi baƙi. Kawo in wanke maka, kyauta."

Mai Kwalabe ya cire ya ba shi, yana cewa yau Baba ya sauko.

Da mako ya zagayo, tsohon ya miƙa masa rigar a goge, a ninke. Ya warware. Hannun dama fari fat. Na hagu ya dafe tun daga kafaɗa.

"Baba! Me ka yi wa rigata?"

"Sabulu ɗaya, mai wanki ɗaya. Na dama ruwan Litinin ne, ruwanka. Na hagu ruwan Asabar ne, ruwanmu. A cikinsa matata ta tsaya."

Tsohon ya ja shi ɗakin guga. Ga igiyoyi nan daga bango zuwa bango. Fari shida, dafaffe ɗaya. Fari shida, dafaffe ɗaya. Ya bi su da yatsa har ya gaji, sannan ya cire hularsa.

"Baba, ka yafe mini. Kwalbata ba ta yi ƙarya ba, amma abin da aka shirya mata take gani."

Ya kai rigar gaban shugabarsa a yadda take. Asabar ta gaba motar hukuma ta zo ba sanarwa. Suka ɗebi ruwa a bakin bututun masana'antar yana cikin zuba. Aka rufe bututun, aka tilasta wa masu masana'antar gina wurin tace ruwa. Aka kuma daina sa ranar zuwa gwaji.

Rafi bai warke nan take ba. Sai da damina biyu ta wanke shi. Tsohon bai daina tsoma yadinsa ba. Ranar da Mai Kwalabe ya kawo takardar sakamako mai hatimi, tsohon ya ce masa ya kai wa 'yarsa, ita ce mai son takarda. Matar kuwa ƙyalle bakwai ya aika mata a ambulan, duk farare.

Bayan kwana huɗu yana sunkuye yana ɗauraya, sai ya ji murya a bayansa.

"Wa ya koya maka ɗauraya haka? Duk kumfa ce a jiki."

Bai juyo ba, don idonsa ya cika. Ta cire takalmi, ta hau dutsenta. Shi kuma ya miƙa bakin zanin gado gefe, kamar yadda ya saba. Wannan karon aka kama.

Darasi: Idan an ba ka amanar duba ruwan jama'a, kada ilimi ya hana ka sauraron wanda hannunsa ke cikin ruwan kullum. Kai kuma da aka raina, kada ka gaji. Riƙe shaidarka, ka yi haƙuri. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai rafi a kusa da su.