Keken da Ba a Taɓa Hawa Ba

Sarkin kasuwa ya ƙwallafa rai a kan rumfar Jatau mai tsofaffin kekuna, yana so ya ba surukinsa. Sai ya kira shi gaban jama'a.

"Jatau, gobe ka kawo mini tsohon keke wanda ba a taɓa hawa ba. In ka kasa, ka kwashe tarkacenka."

Jatau ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Washegari sai ga shi ya turo wani keke yana kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Sarki ya ce, "Wannan? Ai sirdinsa ma ya sha zama!"

"Ya sha, amma a kan wani keken. Kacar ta wani ce, tayoyin ma ba gidansu ɗaya ba. Gawar keke bakwai na harhaɗa jiya. Ko'ina nasa tsoho ne, amma shi kansa ba wanda ya taɓa hawansa."

"Yana ma tafiya kuwa?"

"A layinmu mai saye ke gwadawa. Bismillah, hau. Sai dai kana ɗora ƙafa ya zama hawayye, kuma kai ka ɓata sharaɗin."

Sarki ya matsa birki, birkin ya biyo hannunsa. Ya harari Jatau. "Rantse ba ka ɗana shi a ɓoye ba."

"Ni? Ranka ya daɗe, shekara ashirin ina haɗa kekuna. Ka taɓa ganin na koma gida ba da ƙafa ba?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Rumfa dai ta tsira, amma ranar ko ƙararrawa Jatau bai sayar ba.