Babur ɗin Yaya Jatau

Ku gyara zama ku kasa kunne, don in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A ƙauyen Kukar Bawa an yi wani dattijo, Malam Nomau, mai 'ya'ya maza uku: Sallau, da Ilu, da autansu Barau. Yana da wa guda ɗaya tak, Jatau, mazaunin Tsaunin Gora, can bayan fadama. Tun suna da sauran ƙarfinsu Nomau ya ari babur ɗin yayan nasa, irin na da ɗin nan mai hayaƙi, wanda sai an gauraya masa fetur da baƙin mai yake tafiya. Injin ya ƙone a hannunsa. Kunya ta hana shi zuwa ba da haƙuri, sai ya tura babur ɗakin ajiya ya lulluɓe shi da buhu. Jatau ya aiko, ya sake aikowa, daga nan ya yi fushi ya daina. Shekaru suka yi ta wucewa, wa da ƙane ba gaisuwa, ko ta sallah.

Wata damina sai ga saƙo, Jatau na kwance, jiki ya tsananta. Ɗan aike ya ce, “Ya ce ba ya son ban haƙuri ta bakin kowa. In kana son ku rabu lafiya, ka kai masa babur ɗinsa yana tafiya, ya ji ƙararsa a ƙofar gidansa.”

Nomau ya tara 'ya'yansa, idonsa jawur. Ya ce, “Ban taɓa roƙonku komai ba. Yau ina roƙo. Ku tayar mini da babur ɗin nan kafin Yaya ya tafi.” Suka ce, “An gama, Baba.”

Da aka buɗe injin, sai aka tarar fistin ya narke ya manne a cikin bulok, ringi duk sun karye. Irin wannan babur kuwa an daɗe da daina kawo kayansa. Sallau ne ya san birni, shi ya ɗauki bulok ɗin a buhu ya tafi. Ya bi shagunan kayan babur, ana yi masa dariya ana cewa ya kai wa 'yan gwangwan. Bai karaya ba. Ya sha rana, ya sha ruwan sama, har ya faɗa wani lungu inda wani tsoho ya zaro masa sabon fistin da ringi daga ƙarƙashin tarkace. Ya kai bulok aka gyare cikinsa daidai da fistin ɗin. Ba don Sallau ba, da maganar ta mutu tun a nan. To amma ku ji! Ran da zai juyo gida sai ya ji kalangu, an buɗe gasar dambe. Ya ce bari ya leƙa. Leƙen nan bai ƙare ba sai da aka tashi gasar, kaya na buhu ya mai da su matashin kai, ubansa kuwa kullum yana bakin hanya yana duban kowace mota.

Ilu shi ne mai hannu. Ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya wanke kowane ƙarfe da kalanzir, ya jera notuna a farantin matarsa. Ya yanka gaskit da kansa, ya zura ringi a hankali kada su karye, ya wanke kafireta, ya kankare baƙin da ya toshe salansa, wato bututun hayaƙi. Yatsunsa duk suka farfashe. A duk Kukar Bawa ba wanda zai iya mayar da injin nan yadda yake sai shi. Amma yana cikin haɗawa ya ga robar da ke toshe bakin kiranshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa, ta tsage. Ya san sarai in ta tsage iska na shiga, injin ya yi ta zafi har ya ci kansa. Shi ne kuma ya manta bai sa ta cikin abin da Sallau zai sayo ba. In ya faɗa, an san laifinsa, kuma sai an sake komawa birni. Sai ya shafe tsagar da giris ya rufe. Uban ya tambaye shi, “Ilu, ba abin da ya rage?” Ya dubi idon tsohon ya ce, “Ko ɗaya, Baba.”

Babur ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe gidan, mata suka rangaɗa guɗa. Nomau ya juya baya yana share ido. Aka sa tafiya washegari. Ilu ya auna baƙin mai ya gauraya da fetur ya cika tanki, ya ja kunnen Barau, wanda zai tuƙa: sabon fistin ba ya son gudu, a bi shi a hankali.

Barau ya ce ya ji. La'asar na yi ya faki ido ya fice da babur dandali, yana murza shi samari na ihu. Ya ɗauki wannan ya zaga, ya ɗauki wancan, har tanki ya kusa ƙafewa. Ya sayi fetur na kwalba ya zuba. Mai sayarwar ba shi da baƙin mai, Barau ya ce ai sauran na ciki ya isa, ya dawo da babur ya jingine kamar ba a taɓa ba. Sai dai a ba shi haƙƙinsa. Da safe fadama ta cika, ruwa har gwiwa, 'yan acaɓa duk sun ƙi hanyar. Barau ya goya ubansa ya tsallakar da shi, ya dawo ya ɗaga babur tare da yayyensa da suka rako su, ya bi ta taɓon da ba mai iya bi, tsohon na bayansa bai ko girgiza ba. Ba don shi ba, da ba a ko ƙetare ruwan ba.

Sun fita daga fadama, sun fara hango tsaunin, sai injin ya yi wata ƙara ya ƙame. Aka taka kiki, ya ƙi motsi. Nomau ya sauka, ya kama kan babur da hannunsa ya fara turawa.

Suna isa bakin gari suka ci karo da mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Tabawa, matar marigayin, ta fito zaure ta dubi babur, ta dubi ƙanen mijinta. Ta ce, “Nomau, sai yanzu? Da ya ji kana tafe, sawa ya yi aka fito da shi nan tun hantsi. Ko injin niƙa ya ji sai ya ɗago kai ya ce, ga shi nan.”

Nomau ya zube a ƙasa. Da aka yi sadakar uku suka koma gida, ya sa aka buɗe injin a gabansa, gaskiya ta fito, har da ta damben. Ya ce, “Ni na jawo, na sani, tawa tana tsakanina da Allah. Amma ku fa? Abu ɗaya na roƙe ku a duniya! Kun dube ni kun ce an gama!”

Sallau ya ce shi dai ya kawo kaya, kuma da injin bai mutu ba da an tarar da Baffa da rai. Ilu ya ce da Sallau ya dawo da wuri, da an sami sararin sayo roba, kuma tsagar za ta kai su Tsaunin Gora in da akwai baƙin mai. Barau ya ce an sha tafiya da ƙarancin mai ba a mutu ba, injin da aka ba shi ne mai ciwo a ɓoye. Fistin kuwa ya ƙone ƙurmus, ba mai iya cewa ga abin da ya fara cin sa.

Tun daga ranar Malam Nomau ya daina cin abinci tare da su. Dangi suka taru suna ba shi baki, ya ce zai yafe wa biyu, amma ɗaya sai ya bar masa gida.

To, jama'a, ga mai kallon dambe, ga mai ɓoye tsaga, ga mai wasa da mai. Wane ne a cikinsu ya kamata ya ɗauki tabarmarsa?