Malam Ƙamus da Asalin Kalmar da Ya Ƙirƙira

Akwai wani malamin Turanci a wata sakandare da ɗalibai suke kira Malam Ƙamus. Ya iya aikinsa, amma bakinsa bai taɓa iya furta "ban sani ba".

Wata rana yana bambance wa aji kalmomin rise da raise: ta farko tashi ce da kanka, ta biyu kuma ka ɗaga wani abu. Sai wata ɗaliba ta tambayi asalin raise. Bai sani ba. Maimakon ya ce zai duba, sai ya gyara tsayuwa ya ce daga Larabci aka aro ta, daga ra'is, wato shugaba, domin shugaba ne ke ɗaga jama'a. Aji ya ɗauki tafi.

'Yarsa ta fari tana cikin ajin, ta rubuta komai.

Bayan wata biyu aka zaɓe ta shiga gasar jawabi ta makarantu. Saura kwana biyu ta karanta masa jawabinta a falo, sai ya ji ƙaryarsa ce ginshiƙin jawabin. Ya lallaɓa ya buɗe babban ƙamus: kalmar daga tsohon harshen arewacin Turai take, babu ruwanta da Larabci.

Sau uku yana kiran yarinyar don ya faɗa mata gaskiya, sau uku yana ɓigewa da tambayarta ko ta goge kayan makaranta. Abinci ya ƙi shiga. Matarsa ta tambaye shi lafiya, ya ce ciwon kai ne. Ya dinga lallashin kansa cewa alƙalan ba za su lura ba.

Ranar gasa ya zauna a layin gaba. Yarinyar ta yi jawabi tiryan-tiryan, har aka fara tafi. Sai wata dattijuwa cikin alƙalan ta cire tabarau, ta ce a hankali, "'Yata, wannan bayani ba gaskiya ba ne. A wane littafi kika gani?"

Yarinyar ko gezau ba ta yi ba. Ta juyo da murmushi ta nuna shi.

"Babana ne ya koya mini, kuma shi ba ya kuskure. Baba, tashi ka faɗa musu."

Darasi: Idan ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, in ka yi kuskure, ka gyara da wuri. Wanda ya fi yarda da kai shi ƙaryarka za ta fara kunyatawa. Ku tura wa malamai da iyaye.