Agogon Da Ya Koma Hannun Dama

Akwai wani mai gyaran waya da abokansa ke kira Ƙure, don bai taɓa kallon fim ya bar shi da mutuncinsa ba. Mutane na kallo don su huta, shi kuwa laifi yake farauta. Ko shayi ne ya ragu a kofi sannan ya ƙaru, sai ya tsayar da hoton, ya zagaye da jan layi, ya ɗora a shafinsa.

Yayansa ɗan wasa ne, kuma shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Shekara da shekaru bawan Allah yana fitowa a mai gadi ko direba, sai ga shi an ba shi matuƙin kumbo a wani fim na tafiya wata duniya. Fim ya karɓu, har kamfani ya fara shawarar yin kashi na biyu da shi.

A shagon aski musu ya tashi.

"Ku duba," in ji Ƙure, yana nuna waya. "Da kumbo ya tashi, agogon matuƙi a hagu yake. Suna ratsa baƙin ramin nan na sararin samaniya, ya koma dama. Rubutun ƙirjinsa ma a juye yake."

"Da gangan ne," in ji mai aski. "Ai wata duniya suka shiga, komai ya juye."

"To me ya hana na mataimakiyarsa juyewa? Ko ita ta baya ta zagayo?"

Aka kwashe da dariya. Mai aski ya ji haushi, ya ce, "Kai dai hassadar yayanka ke cin ka."

Maganar ta soki Ƙure, ya rantse sai ya kawo hujjar da za ta rufe bakin kowa.

Washegari yayan ya kira shi. Muryarsa a hankali take fita, da nauyi.

"Ƙanena, na ji zancen agogo. Don Allah ka bar shi haka, har a gama maganar kashi na biyu."

"Yaya, a shafina ba ni da ɗan'uwa. Wai me ya sa kake magana kamar da ruwa a bakinka? Girman kan taurari ne ya fara?"

Yayan ya kashe wayar.

Ƙure ya ture wayoyin mutane gefe, ya zauna kan aikin banza. Ya juya hoton ya koma daidai, ya rage masa gudu. Nan ya ga abin da ya fi agogo daɗi. Tun daga baƙin rami har ƙarshen fim, hannun daman matuƙi na kwance a cinya, ko motsi ba ya yi, gefen bakinsa kuma a karkace.

Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ƙure dariya ya yi har da buga tebur. Ya ɗora, ya rubuta a ƙasa: "An ɗauki jarumi guda, rabinsa ya zo aiki."

Bidiyo ya bazu. Mutane suka riƙa karkace baki suna sakin hannu, suna ɗaukar kansu. Mai aski ya sallama. Ba a daɗe ba kamfani ya sanar cewa wani ne zai ja kumbo a kashi na biyu.

Sai a lokacin Ƙure ya tuna rabonsa da gidan yayansa watanni ne.

Matar yayan ta buɗe ƙofa, ba ta amsa gaisuwarsa ba. A falo ya ga sanda jingine da kujera, da ƙwallon roba irin wadda ake ba majinyaci ya riƙa matsawa.

"Ana tsakiyar ɗaukar fim ɓarin jikinsa ya shanye," in ji ta. "Darakta ya rufa masa asiri. Sai yayanka ya ja sitiyari da hagu, su juya hoton ya zama dama. Likita ya ce hannun zai iya dawowa kafin kashi na biyu. Duk garin nan ba wanda ya gani sai kai. Sannu da ido."

Kunya ta rufe Ƙure. Ya ƙarasa inda yayansa ke zaune, ya durƙusa, ya miƙa masa hannu.

Yayan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙo na hagu, agogon na ɗaure a kai.

"Yi haƙuri da hagu, ƙanena," ya ce. "A nan gidan babu mai juya hoto."

Darasi: Wani kuskuren da ka hango, rufin asirin wani ne. Kafin ka zagaye shi da jan layi, tambayi me yake rufewa, musamman idan mai shi ya roƙe ka ka bari. Ku tura wa duk wanda cin musu ya fi masa ɗan'uwa.