Fiɗa a Gado na Tara

An ce wai an yi wata babbar likita mai suna Tasalla, wadda ke koyar da ɗalibai a asibitin wani gari. Cikin ɗalibanta akwai Nafi'u, mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma gaisuwa tana yi masa nauyi a baki.

Ran jarrabawar ƙarshe aka ce ya duba wani tsoho marini, Malam Barau, mai fama da gwaiwa. Ko sallama Nafi'u bai yi ba. Ya ce, "Gado na tara, kwanta." Ya kwance wa dattijon wando gaban ɗalibai ashirin, alhali ga mijin 'yar dattijon tsaye riƙe da kwanon kunu. Wannan wane irin rashin ta-ido ne! Cutar kam ya gano ta sarai. Shi kuwa tsoho ya ɗaure wandonsa ya bar asibiti, yana cewa, "Gara in mutu da ita."

Malamai suka rabu biyu. Wasu suka ce a kori Nafi'u, wasu suka ce bai yi kuskure ko ɗaya ba. Tasalla ta ja Nafi'u zuwa ga gadon, ta miƙa masa wuƙar fiɗa.

"Gado na tara ka duba, ga shi nan. Yi masa aiki."

"Ranki ya daɗe, ai babu kowa a kai."

"Ashe ka san da bambanci? Ka tsiraita mutum gaban surukinsa, sannan kana jiran yabo? To, takardarka tana hannun Malam Barau. In ya dawo da ƙafarsa, ka ci. In cutar ta kashe shi a gida, ka faɗi har abada."

Kwana uku Nafi'u yana zuwa marina, yana durƙusawa bakin karofi, tsoho bai ko dube shi ba. A na huɗu ya ɗago kai ya ce, "Yaro, yanzu ka san sunana?" Nafi'u ya ce, "Malam Barau, ka gafarce ni," sai tsoho ya tashi ya bi shi.

Da suka dawo asibiti, Nafi'u ya roƙi surukin ya fita, ya ja labule, ya ce, "Baba, in duba?" Aka yi aiki, tsoho ya warke.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, likitan da bai iya rufa asiri ba, bai isa ya buɗe jiki ba.