Hannun Maƙeri a Kan Fiyano

Akwai wani maƙeri mai suna Gidiyon, mutum mai ƙarfin hannu da ƙarfin murya. Ko gaishe ka ya yi, sai ka ɗauka faɗa ne. Matarsa Afiniki ita ce mai jan baki a ƙungiyar mawaƙan ikilisiya, 'yarsu Keziya kuwa ta gaji muryar uwar. Da Afiniki ta rasu, sai Keziya ta daina waƙa ɗungum. Uban ya yi ta matsa mata, yana cewa, "Tashi ki koma cikin mawaƙa! Haka uwarki za ta so ta gan ki?" Duk sa'ad da ya yi magana sai ta ƙara yin shiru, har ta kai ba abin da yake haɗa su sai gaisuwar safe. Abin ya ci masa rai ƙwarai, gama ya binne mata, ga 'ya kuma tana neman kuɓuce masa da ranta.

Sai ya ce a ransa, "Bari in koyi fiyano. Wataƙila in na buga waƙar da uwarta take so, za ta buɗe baki." Ya tafi wurin Malama Damaris, tsohuwar da take buga fiyano a majami'a.

Malama ta nuna masa maɓallai, farare da baƙaƙe. Ta ce, "Dubi baƙaƙen nan, biyu-biyu suke da uku-uku. Farin da yake hagun biyun nan, shi ne do. Daga nan za ka hau, re, mi, fa, so, la, ti, ka sāke isa do."

Gidiyon ya sandare yatsu, ya sauke su kamar yana dukan ƙarfe da masaba a kan uwar maƙera. Tsohuwa ta toshe kunne, ta ce, "Baban Keziya, me fiyanon nan ya yi maka?" Ta kawo ƙwai ta sa masa a tafin hannu. "Lanƙwasa yatsunka kamar kana riƙe da wannan, ka saki wuyan hannu." Kafin ta rufe baki ƙwan ya fashe, suka yi ta dariya.

Sannu a hankali hannunsa ya yi laushi. Ya koyi cewa dama ce take jan waƙa, hagu kuma ta riƙe mata gindi, ba ta danne ta ba. Amma abu guda ya gagare shi, wato wurin hutu. Duk inda aka sa alamar shiru, sai ya tsallake ya wuce, domin maƙeri ya saba in ya dakata ƙarfe ya huce.

"Malama, ai babu kome a nan," in ji shi.

Ta ce, "Akwai. Wanda ya tsara waƙar shi ya sa shi. A nan mai waƙa yake numfashi. Ɗaga hannu, ka ƙirga a zuciyarka, sa'an nan ka ci gaba."

Wata rana da yamma Keziya ta kawo masa abinci a majami'a. Tun daga ƙofa ta ji waƙar uwarta, ta tsaya cik. Can sai ta fara bi ƙasa-ƙasa. Gidiyon ya ji ta, amma bai waiwaya ba. Da suka kai inda Afiniki takan ɗaga murya, sai muryar Keziya ta karye, ta fashe da kuka.

Har bakinsa ya buɗe zai ce, "Ci gaba mana!" Sai ya tuna da wurin hutu. Ya ɗaga hannuwansa, ya yi ta ƙirgawa a zuci, har ƙirgar ta zarce tsawon duk wani hutun da aka koya masa. Da kukan ya lafa, ya taɓa do da hagu, a hankali. Keziya ta ja numfashi, ta kama daga inda ta tsaya, ta kai waƙar ƙarshe. Ta matso ta zauna kusa da shi, ta ce, "Baba, sāke bugawa."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: Gidiyon mu ne. Muna ƙaunar namu, amma da hannun maƙera muke taɓa su. Fiyano zuciyar ɗan'uwanka ce, ba ta ba da murya mai daɗi ga mai dukanta. Hagu kuwa matsayinka ne kusa da mai baƙin ciki, ka tallafe shi, kada ka danne muryarsa da taka. Wurin hutu shi ne lokacin da ba ya iya magana. Ubangiji yakan jira mu haka sa'ad da addu'a ta maƙale mana a wuya, ba ya tsawata mana, ba ya kuma tashi ya bar mu. In akwai wanda ya yi shiru a gidanka, kada ka cika masa kunne yau. Zauna kusa da shi, ka jira.